Ƙunshin Ranar Juma'a

Da safiyar Litinin aka gane tirela biyu sun ɓace daga harabar kamfanin sufuri na Tolvanen, kuma ko kwaɗo ɗaya ba a fasa ba. Ranar Asabar da rana tsaka wasu direbobi suka zo, suka karanta wa maigadi lambar ɗaukar kaya daidai, ya ɗaga musu ƙarfe har da yi musu fatan sauka lafiya. Magunguna ne a ciki, na ƙananan asibitocin arewa, inda ake jiran su tun makon jiya.

Kafin ƙarfe goma an gano ta inda lambar ta fita. Kafin sha ɗaya, kowa a ginin ya san sunana.

Ni ce Noreen Kivela, aikina kuwa irin wanda ba a tunawa da shi ne sai ranar da ya lalace. Duk lokacin da aka fito da sabon salon burauza, wato manhajar da muke shiga intanet da ita, ni nake ɗauko shi, in haɗa shi da ƙa'idojin kamfani, in buga masa hatimi da wani ɗan makulli da ake soka wa kwamfuta, sannan in tura wa kwamfutoci ɗari shida da arba'in, daga nan Thunder Bay har rassanmu na Dryden da Kenora. Ƙunshi muke ce masa. To, a cikin ƙunshin wannan karon wani ya cusa ɗan ɓarawo, mai kwafe duk abin da mutum ya rubuta ko ya buɗe, ya aika waje. An sake shi ranar Juma'a, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, da hatimina a jiki.

Dokoki biyu Gaetan Proulx ya koya mini tun ranar da na fara aiki a ƙarƙashinsa, shekara tara da suka wuce. Ta farko, ƙunshi sai ya kwana biyu a kwamfutoci goma na gwaji, waɗanda muke kira 'yan ɗanɗano, su kuma ba sa cikin lissafin ɗari shida da arba'in ɗin. Ta biyu, ko gini na cin wuta ba a sakin ƙunshi ranar Juma'a. Ni Litinin na tsayar a saki nawa, kuma lafiyarsa ƙalau lokacin da na baro shi.

Na shiga ɗakin shan gahawa, hira ta mutu kamar an kashe rediyo. Matar da muke zuwa motsa jiki tare duk Laraba ta tsura wa firiji ido, sai ka ce yau ta fara ganinsa. Ban tsiyayi komai ba na fito.

Manaja, Mista Delvecchio, bai ce in zauna ba.

"Ba na cewa ke ce, Noreen," in ji shi, yana kallon taga. "Amma masu inshora suna son suna, 'yan sanda ma suna son suna. Laraba da sha biyu zan ba su. A yanzu dai suna ɗaya ne a takardar nan."

*

Masu inshora ne suka turo Luba Hrynko. Awa takwas ta tuƙo daga Winnipeg, ta iso da yamma lis, da takalman dusar ƙanƙara irin na manoma da ɗan littafin rubutu na takarda. Ta haura sittin. A sana'armu masu bin sawu ake ce wa irinta, kuma an ce ita ba ta taɓa komawa gida hannu rabbana ba. Ni dai da na gan ta, kakata ta faɗo mini a rai, wadda take gane ka ci sukari tun kafin ka buɗe baki.

"Ina kike ranar Juma'a da ƙarfe huɗu?"

"Gidan kula da tsofaffi, wajen mahaifiyata. Uku na tashi."

"Wa ya gan ki?"

"Ita. Amma rabin lokaci ba ta gane ni."

Ta rubuta. "Makullin fa?"

"A aljihun tebur, cikin gwangwanin shayi."

"Wa ya san nan yake?"

"Duk wanda ya taɓa satar mini shayi. Wato kowa."

Ba ta yi dariya ba. "Makulli ba ya aiki sai da lambar sirri. Wa kika taɓa ba wa?"

Shekara biyu da suka wuce, ina kwance an yi mini aikin gwiwa, aka fito da wani gyara na gaggawa. Na kira Gaetan daga gadon asibiti na karanta masa lambar, ya saki ƙunshin da sunana don kada a ce na bar aiki. Ban canza ta ba tun daga ranar. Ba da lamba kuwa laifin kora ne, ga wanda ya bayar da wanda ya karɓa.

"Ba kowa," na ce.

Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe. Sannan ta rufe littafin.

"To, tashi. Ke za ki zaga da ni. Wadda ake zargi ta fi kowa sanin lungunan gida."

*

Desmond Quill muka fara tarewa, mai amsa wayar masu ƙorafi. Ko ni da farko shi na zarga, kuma ba na jin kunyar faɗa. Bara ya nemi kujerata bai samu ba, tun daga nan gaisuwarmu ta koma ta ɗaga gira. Ga shi kuma kwamfutarsa na cikin 'yan kaɗan da ɗan ɓarawon bai shiga ba.

"Me ya sa taka ta tsira?" in ji Luba.

"Don ina da hankali," in ji Desmond, ya jingina da kujera. "Duk abin da Gimbiya ta turo, sai na ga ya kashe wani kafin in karɓa."

"Gimbiya?"

"Ga ta nan a bayanki."

"Wato ka toshe ƙunshin da gangan."

"Madam, ni ban iya toshe komai ba. Kwamfutar tana bayan motata tun Alhamis, motar kuma tana gareji, ni kuma ina Dryden ina shan kashi a gasar jifan dutse kan ƙanƙara. Mutum arba'in sun ga yadda aka yi mana dukan kawo wuƙa. Kina son hotuna? Surukina ya ɗauka, don mugunta."

Ta duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar wanda ya ci kofin. Da muka fito na ce mata ai zai iya shiga daga nesa.

"Da makullin da ke cikin gwangwanin shayinki?" in ji ta. "Dole mutum ya tsaya a gaban teburinki da ƙafafunsa. Ki cire shi daga ranki. Baki ne da shi, ba ciki ba."

Raina bai so ba. Na so a ce Desmond ne, don da shi ne da ba abin da zan rasa.

*

Da dare Gaetan ya same ni a wajen ajiye motoci, ina kankare ƙanƙara daga gilashi. Ya karɓe abin kankarar daga hannuna kamar yadda ya saba, ya miƙo mini takarda mai maiƙo, da donot a ciki, fanken nan mai jan sukari a kai.

"Ci, Kivela. Fuskarki kamar ta gawa."

"Tsoho, za su ɗaure ni."

"Ba mai ɗaure ki ina raye. Za su ce 'yan waje ne suka shigo. Kullum a nan maganar take ƙarewa." Ya ci gaba da kankara, bai dube ni ba. "Ta tambaye ki zancen lamba?"

"Ta tambaya."

"Me kika ce?"

"Na ce ba kowa."

"Yawwa. Bar shi a haka. In kika buɗe wannan bakin, mu biyu za a kora, kuma ba zai wanke ki ba. Kin san halin da Colette take ciki."

Na sani. Colette matarsa ce, ita ke zama a teburin karɓar baƙi a ƙasa. Tun bazara take zuwa asibiti ana ƙona mata wani ƙari a ƙirji, ta dawo aiki da ɗankwali a kai, tana raba wa direbobi alewa kamar ba komai. Duk ginin ba mai ƙin ta. Na rungume Gaetan a cikin sanyin nan, na yi masa godiya. Har yanzu in na tuna godiyar nan sai in ji kunya ta rufe ni.

*

Talata da safe na tarar da Luba a teburina, ta baje takardu biyu.

"Wannan rahotonku ne," in ji ta. "Kore yana nufin kwamfuta ta samu sabon salo, ko?"

"E."

"Nawa ne kore?"

"Ɗari shida da sha tara. Sauran ashirin da ɗaya, wasu a kashe suke, wasu na wajen gyara, bakwai kuma na ma'aunin manyan motoci ne, ba ma taɓa su."

"Wannan kuma daga masu kula da layin intanet na karɓo. Kwamfutocin da suka aika wa ɓarayi saƙo ne. Ƙirga."

Ɗari shida da sha takwas. Na sake ƙirgawa da ɗan yatsa, kamar 'yar firamare.

"Kuskure ne," na ce. "Rahoto yakan yi haka."

"Kowa ya ce mini haka. Tun jiya kuna ta leƙen waɗanda suka kamu, da waɗanda suka yi ja. Ba wanda ya kalli kore, don ku a wajenku kore ya gama magana." Ta ɗora biro a kan layi ɗaya. "Akwai wadda take da sabon salo, amma ba ta da cutar. Ki gaya mini yadda hakan zai yiwu. Ke ce gwanar."

Na sake duban layin, sai amsar ta zo mini da kanta, don abu ne da nake gani kullum.

"Kafin tsarin ya ba kwamfuta ƙunshi, yakan tambaye ta salon da take da shi. In ta ce tana da sabon, sai ya wuce ta, ya sa mata kore."

"Wato in wani ya riga ya sa mata mai tsabta da hannu..."

"Ƙunshin ba zai taɓa ta ba. Kuma ba za a ga alamar an cire ta ba, don ba a cire ta ɗin ba."

"Wa ya san wannan?"

"Ni," na ce. "Da duk wanda ya taɓa ɗaure ƙunshi."

Na duba lambar kwamfutar da ke ƙarƙashin bironta. Ban san ta da ka ba, amma haruffan farko sun nuna hawa na ƙasa ne.

*

"Noreen, 'yar albarka, zo nan," in ji Colette tun daga nesa. Ta zagayo teburin ta kama hannuwana biyu. "Ni ban yarda da ko kalma ɗaya ba. Na gaya wa Delvecchio a fuskarsa. Ungo alewa. Madam, ke ma ɗauki, ba ta kashe kowa."

Luba ta ɗauka, ta nemi izinin duba kwamfutar. Ina tsaye a bayanta lokacin da ta buɗe wajen da ke nuna ranar da aka sa manhaja. Alhamis, sha biyu da minti ashirin. Kwana guda cur kafin a saki ƙunshin.

"Tana ba ki wahala kuwa?" in ji Luba, kamar mai hirar banza.

"Wannan? Ai 'yar gata ce. Mijina ba ya bari ko tari ta yi. Ko ranar Alhamis da ya sauko mini da miyar wake, sai da ya ce in matsa ya duba ta. Na ce masa, Gaetan, lafiyarta lau, ka bar ni in ci abinci. Ina! Shekara talatin da aure, mutumin nan ya fi tausayin na'ura a kan mutane." Ta yi dariya. "A nan nake duba sakamakon asibiti, kin gane, da saƙon likita. Na gida ta mutu. Shi ya sa yake lallaɓa ta."

"Allah ya ƙara sauƙi," in ji Luba, ta rufe littafinta.

Muka shiga lif, na'urar hawa bene. Alewar tana hannuna, ta fara narkewa. Da ƙofa ta buɗe, Luba ta riƙe ta da ƙafa.

"Abin da nake da shi ya nuna ya san ƙunshin da guba," in ji ta. "Bai nuna yadda ya buga hatiminki ba. In ba a cike wannan ramin ba, lauyansa zai ce ke kika yi, shi kuma ya ji ƙishin-ƙishin ne ya kare matarsa. Jiya kin yi mini ƙarya. Ban ji haushi ba. Amma gobe da sha ɗaya zan sake tambaya, sau ɗaya."

Ranar ban iya zuwa wajen mahaifiyata ba. Na zauna a mota a bakin tafki har rana ta faɗi, ina neman wata fassara da za ta wanke shi. Na nema ta kowace hanya, ban samu ba.

*

Laraba da sha ɗaya muka taru a ɗakin taro: Delvecchio zaune a ƙarshen tebur yana duban agogo, Desmond da kofinsa, Gaetan a gefena, Luba a tsaye. Ba a kira Colette ba, kuma na san Luba ce ta hana.

Ba ta yi dogon jawabi ba. Ta ajiye takardun nan biyu, ta bayyana bambancin ɗaya, ta sa ni na maimaita yadda tsarin yake wuce kwamfutar da ta riga ta samu sabon salo.

"Mista Proulx," in ji ta, "ranar Alhamis ka sa wa kwamfutar matarka sabuwar burauza da hannunka. Me ya sa?"

"Tana ta tsayawa ne," in ji Gaetan, ko gezau. "Miji ba zai gyara wa matarsa kwamfuta ba?"

"Ita ta ce lafiyarta lau. Sannan ƙunshi yana wajen 'yan ɗanɗano a ranar, bai cika kwana biyu ba. An ce mini kai ka kafa dokar."

"Na karya dokata sau ɗaya. A rataye ni."

"Da ka cire kwamfutar daga jerin kawai, da ta zauna da tsohon salo, ta yi ja a rahoto, a yi tambaya. Kai kuma ba ka iya barin ta da tsoho mai ramuka, kuma ba ka iya ganin ja. Taka ma ka bari ta kamu, don kada a zarge ka. Tata ce ka kasa."

"Labari mai daɗi," in ji shi. "Amma hatimin ba nawa ba ne. Ba ni da lambar."

Luba ta juyo gare ni. "Malama Kivela, wa kika taɓa ba wa lambarki?"

Gaetan ya ɗora hannunsa a kan tebur kusa da nawa. Hannun da ya koya mini komai ke nan, da tabon ƙuna a babban yatsa.

"Gaetan na ba wa," na ce. "Shekara biyu da suka wuce, ina asibiti. Akwai ƙunshin da aka saki da sunana a ranar da ake yi mini aiki. Ku duba, za ku gani."

"Kai!" in ji Desmond, ya ajiye kofin a hankali.

Gaetan bai yi musu ba. Ya janye hannunsa, ya dubi Delvecchio.

"Shekara ashirin da shida ina wa kamfanin nan aiki," in ji shi. "A bakin lif ka gaya mini, a tsaye, kana duba wayarka. Wai in bazara ta zo in huta, Noreen za ta hau kujerata. Ko zama ba ka ce in yi ba."

Ni ban taɓa jin wannan maganar ba sai a lokacin.

Gaetan ya ci gaba: "Wani ya same ni a filin wasa, ya ce lambobin ɗaukar kaya kawai suke so. Ban san magani ne a ciki ba, na rantse."

"Ni fa, Tsoho?" na ce. "Takardun mahaifiyata duk a kwamfutata suke. Sunana ne a ƙunshin. Ka sauka hawa uku da kwanon miya don ka kare mutum ɗaya. Teburina taku huɗu ne daga naka."

Ya ce, "Na ɗauka za su ce 'yan waje ne."

Delvecchio ya ɗaga waya ya kira 'yan sanda, sha biyu saura kwata.

*

An tsinci tirela ɗaya a kusa da Kenora, rabin kayan sun daskare sun lalace. Ɗayar har yau shiru. An ba ni takardar gargaɗi kan zancen lamba, aka kuma ba ni kujerar Gaetan, duk a rana ɗaya. Luba ta tafi ba sallama, sai gwangwanin shayina da na tarar ta ɗora a kan tebur, da 'yar takarda: "Ki canza wuri."

Na ɗaure ƙunshin wanke cutar, ya kwana biyu wajen 'yan ɗanɗano, na sake shi ranar Litinin. A ranar ce Colette ta hau sama da kwali a hannu, ta zo ajiye katin aikinta, ta bar aiki. Ta rame a kwana biyar fiye da yadda ta rame duk bazara. Ta tsaya a bakin teburina.

"Noreen, gaya mini gaskiya. Zancen miyar nan da na yi ne, ko?"

Na so in ce mata a'a. Na yi wa Luba ƙarya saboda mijinta, amma ita na kasa.

"Kwamfutar ta riga ta faɗa, Colette. Ke kin cika ne kawai."

Ta gyaɗa kai. Ta ciro ledar alewa daga kwalin ta ajiye mini, wai a ba direbobi, kada su zo su tarar ba komai. Sannan ta tafi, ta matakala, ba ta jira lif ba.

Na juya ga allo. Layuka suna ta komawa kore ɗaya bayan ɗaya, Dryden, Kenora, hawa na uku, hawa na biyu. Da ƙunshin ya isa teburin karɓar baƙi, ya tambayi kwamfutar ko akwai cutar da za a wanke mata. Ta ce babu. Ya wuce ta.